Sydney Carline da Wahalar Zana Yaƙin Sama: Daga Tsaunukan Italiya zuwa Wadi Fara

A watan Yulin 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar sojan sama ta Birtaniya, wadda a lokacin wata uku kacal ke nan da kafuwarta, ta ɗauke ɗaya daga cikin matuƙanta da ke fagen daga na Italiya daga aikin sintiri, ta ɗora masa wani aiki dabam: ya zana yaƙin da ake gwabzawa a sararin samaniya. Sunansa Sydney Carline, yana gab da cika shekara 30. Hotunan da zai yi za su tafi Imperial War Museum, gidan adana tarihin yaƙi da aka kafa a Landan a 1917, tun ba a san ranar da yaƙin zai ƙare ba.

In cancanta ake nema, da wuya a sami wanda ya kai shi. Gidansu gidan zane ne: mahaifinsa George Carline mai zane ne, haka ƙanwarsa Hilda da ƙanensa Richard. Ya yi karatu a makarantar zane ta Slade a Landan daga 1907 zuwa 1910, ya ƙara da na Paris. Da yaƙi ya ɓarke ya shiga soja, ya koyi tuƙin jirgi, aka harbo shi a yankin Somme na Faransa a 1916 ya ji rauni, ya warke, ya sake hawa. Bayan kashin da Italiya ta sha a hannun Ostiriya da Jamus a Caporetto a watan Oktoban 1917, Birtaniya ta aika mata da dakaru da jirage, shi ma can ya tsinci kansa yana tuƙa jirgin yaƙi ƙirar Sopwith Camel. Ƙanensa Richard, wanda ya riga shi fara zane daga cikin jirgi a fagen Faransa, shi ya ba da sunansa aka ɗauke shi wannan aiki.

To ga mutum ya san fenti, ya san jirgi, ya san yadda harsashi ke wucewa ta gefen kunne. Sai dai wannan sanin ne ya jawo masa wahala. Masu zanen mujallu da ke zaune a Landan ba su da wata damuwa: su cusa jirage biyar ko shida a shafi guda, fiffike na gogar fiffike, wuta na tashi, mai karatu ya gamsu. Wanda ya taɓa tashi ya san ba haka abin yake ba, kuma ba zai iya sa hannunsa a kan ƙarya ba. Gaskiyar kuwa ta ƙi tsayawa a zana ta.

Abin da ya hana ruwa gudu

Matsala ta farko jirgin ne kansa. Camel kujera ɗaya gare shi. Injinsa irin wanda ke juyawa gaba ɗayansa ne tare da farfela, kuma an cushe inji da bindigogi biyu da tankin mai da matuƙi wuri guda a gaba. Wannan ya sa yana juyawa da saurin ban mamaki, musamman ta hannun dama, shi ya sa gwanaye ke son sa, shi ya sa kuma ya halaka ɗalibai da yawa tun a filin koyo. Ba jirgin da ake sakar wa hannu ba ne. Hannu ɗaya na kan sandar tuƙi, ɗayan na lura da mai, ƙafafu na kan abin karkata wutsiya, wuya kuwa ba ya hutawa don waiwayen abokin gaba da ka iya faɗowa daga cikin rana. Ga man zurma da ake zuba wa injin yana fesowa baya, ya shafe fuska da tabarau da duk takardar da aka fito da ita. Taura biyu ba ta taunuwa, balle a wannan hali.

Sai sanyi da iska. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. Ɗaya daga cikin hotunan Carline na Italiya an nuna a sunansa cewa daga tsayin ƙafa 20,000 ne, wato mita 6,000 da 'yan kai, inda sanyi ya fi na bakin teku da kusan digiri 40. A can ruwan da ake dama fenti da shi daskarewa yake yi, yatsu cikin safar hannu mai kauri ba sa jin fensir, iskar shaƙa ta yi ƙaranci har tunani ya yi nauyi. Wurin zaman kuma a buɗe yake, ba rufi. Wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura da asubahin hunturu mota na sheƙa gudu, ya ƙaddara an miƙo masa takarda da biro an ce ya rubuta wasiƙa mai kyan hannu. To ya ninka wannan sau da yawa.

Na uku lokaci. Camel na iya gudun kusan kilomita 180 a awa, wato mita 50 a kowace daƙiƙa. In jirage biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 100 a daƙiƙa. Jirgin da ka hango kamar ɗigo a nisan kilomita guda, kafin ka ƙirga goma ya wuce ka. Mai zanen da aka horar ya zaunar da mutum awa uku yana auna tsawon hancinsa da fensir, me zai kama a daƙiƙa goma?

Amma duk waɗannan na jiki ne, ana iya yi musu dabara. Wadda ta fi zurfi ita ce ta ido. Duk ƙa'idar zanen da aka koya wa Carline an gina ta ne a kan mutumin da ke tsaye a ƙasa. Yana da layin da sama ta haɗu da ƙasa, miƙaƙƙe, ba ya motsi. Yana da bishiya ko gida ko mutum da zai auna girman sauran abubuwa da su. Abu na kusa yana ƙasan hoto, na nesa yana sama. Zanen yaƙi na gargajiya ma haka yake: dawakai, tuta, kwamanda a tsakiya, mai kallo kamar yana tsaye a kan wani tudu a gefe. A sama babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jirgi na karkata, duniya duka ta karkata. Abokin gaba na iya kasancewa a ƙarƙashinka, ko a samanka, ko duka biyun cikin ɗan lokaci. In ka zana jirgi shi kaɗai a kan shuɗin sama, babu abin da zai gaya wa mai kallo ko babba ne a nesa ko ƙarami ne a kusa, ko yana gudu ko yana tsaye. Sai ya fito tamkar an rataye shi. Farfela in tana juyawa ba a ganinta, in ka zana ta a fili ka nuna injin ya mutu ke nan. Launi ma bai taimaka ba: jiragen Birtaniya ana shafa wa bayansu fenti ruwan ƙasa mai ratsin kore da gangan don su saje da ƙasa in an hango su daga sama. Abin da aka yi don ya ɓace wa ido, shi aka ce mai zane ya fito da shi.

Wani zai ce ai akwai kyamara. Akwai, kuma sojoji sun yi amfani da ita ƙwarai. Amma hotunan leƙen asiri na lokacin baƙi da fari ne, galibi an ɗauke su kai tsaye daga sama zuwa ƙasa, sai tsauni da kwari su baje su zama kamar taswira. Suna nuna wa kwamanda inda ramukan abokan gaba suke. Ba sa nuna wa uwar matuƙi abin da ɗanta ke gani. Wannan giɓin aka ɗauko mai zane ya cike.

A ganina takaicin da ke kama mai zane a irin wannan wuri ba na rashin iyawa ba ne. Hannu ya iya, ido ya gani, amma abin da hannun ya saba yi bai dace da abin da idon ya gani ba. In mutum bai gane haka ba sai ya yi ta ƙara ƙoƙari a hanyar da ba ta ɓullewa: ya ƙara ƙirga wayoyin fiffike, ya ƙara gyara lambar jikin jirgi, hoton kuwa yana ƙara mutuwa a hannunsa.

Yadda ya ɓullo wa lamarin

Matakin farko shi ne sakin sandar tuƙi. Aikin zane daga sama ya yiwu ne a jirage masu kujera biyu irin su Bristol Fighter, inda wani ke tuƙi, mai zane kuma ya zauna a kujerar baya, wurin mai leƙe da bindigarsa. Wurin zagayayye ne, mutum na iya juyawa ko'ina, ya miƙe tsaye, ya leƙa ta gefe. Ga matuƙin da ya saba riƙe ransa a hannunsa, ya miƙa shi ga wani ya koma fasinja ba ƙaramin abu ba ne, kuma igwogin Ostiriya ba su san bambancin mai zane da mai harbi ba. Amma hannu biyu sun samu.

Mataki na biyu, ya daina neman gama hoto a wuri guda. Tarin ayyukansa da ke gidan tarihin a yau na nuna aikin hawa-hawa ne. Akwai 'yan zane-zanen gaggawa, layuka kaɗan da ke kama yadda kogi ya lanƙwasa ko yadda tsauni ya tsaya. Akwai na fentin ruwa da aka yi a natse bayan an sauka, tun launin bai gushe daga ido ba. Akwai nazarin jirage da rumfunansu a filin sauka, inda jirgi ke tsaye cik, mutum ya zagaya shi yadda yake so ya koyi ƙirarsa. Sannan manyan hotunan fentin mai, waɗanda aka haɗa daga duk waɗannan. Wato ya raba tambayoyin: sama ce za ta ba shi tsari da haske, ƙasa ta ba shi ƙirar jirgi, abin da ya gani a watannin da ya yi yana sintiri kuma ya ba shi motsin faɗa. Babu ɗayansu da aka tilasta wa ya yi aikin ɗan'uwansa.

Mataki na uku shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin lamarin Carline ya cancanci nazari. Ya sauya abin da hoton ke magana a kai. Maimakon jirgi ya cika fili, ƙasa ta zama bango a bayansa, sai ya bar ƙasa ta cika fili, jirage suka koma ƙanana a cikinta.

A nan Italiya ta yi masa rana. Fagen Faransa shimfiɗaɗɗe ne, laka da ramuka. Fagen Italiya kuwa tsaunukan Alps ne, da tudun Asiago, da kwazazzabon kogin Brenta, da kogin Piave mai faɗi da tsibiran tsakuwa yana ratsa fili zuwa teku. Tsauni abu ne da kowa ya san girmansa. Da zarar ka sa jirgi a gaban tsauni, ma'aunin da ya ɓace ya dawo. A hotonsa na harbo wani jirgin Ostiriya a kwazazzabon Brenta, bangayen dutse su ke yin aikin: su ke nuna zurfi, su ke nuna ƙuncin wurin da ake faɗan, su ke sa mai kallo ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa. Jiragen 'yan ƙanana ne, amma saboda ƙanƙantarsu ne aka san inda suke da irin haɗarin da suke ciki. A hoton nan na ƙafa 20,000 kuwa, inda tawagar jirage ke tsallaka layin daga a kan Piave, tsaunukan ma sun koma ƙasa, sai ya sami wani ma'aunin: curin hayaƙin harsasan igwa da ke fashewa a iska. Na kusa babba, na nesa ƙarami, sai sararin da da babu komai a cikinsa ya sami matakala da ido zai taka. Abin da ake harbo shi da shi ya mayar kayan aiki.

Ba shi kaɗai ya yi wannan kokawa ba, kuma kowa da maganin da ya samo. C. R. W. Nevinson, a wani zanen ɗab'i na 1917 da ke nuna jirgi na karkata a tsayin ƙafa 4,000, ya sa fiffiken jirgin da yake ciki a hoton, har da hannunsa riƙe da gefen kujera, gonaki kuma a karkace can ƙasa. Mai kallo ya zama fasinja ke nan. John Lavery, dattijo da ya haura shekara 60, ya hau jirgin balan-balan na sojan ruwa ya zana ayarin jiragen ruwa a Tekun Arewa, don irin wannan jirgi tafiyarsa a hankali ce. Richard Carline kuwa hanyarsa ɗaya da ta yayansa, har ma ya zarce shi: a hotonsa na ramukan nakiya a kusa da garin Albert, ƙasar da aka farfasa ita ce komai. Abin da ya haɗa su duka, kowa ya fara da yanke shawarar inda mai kallo ke zaune kafin ya taɓa jirgi.

Yaƙin da ya riga ya wuce

Ostiriya ta ajiye makamai a farkon Nuwamban 1918, Carline ya bar Italiya. A Janairun 1919 aka tura shi da Richard Gabas ta Tsakiya su zana ayyukan sojan sama a can. Suka sauka Port Said, suka wuce Ramla inda suka zauna da runduna ta 1 ta sojan saman Ostireliya, daga nan Ƙudus, sannan suka yi ta zagaya yankin, daga baya Alƙahira, Bagadaza da Mosul.

Nan wani sabon takaici ya ɓullo. A Italiya abin da za a zana yana gudu ne ya ƙi tsayawa. A nan kuwa ya riga ya wuce. An yi sulhu da Daular Usmaniyya ta Turkiyya tun ƙarshen Oktoban 1918, ga shi an ce su zana faɗan sama, kuma babu faɗan. Abin da ya rage shi ne wuraren, da tarkacen da ke zube a cikinsu, da bakin matuƙan da suka yi aikin.

Babban abin da ake so Sydney ya zana shi ne abin da ya faru a Wadi Fara. Ranar 19 ga Satumban 1918 Janar Allenby na Birtaniya ya fasa layin Turkawa a Falasɗinu. Runduna ta 7 ta Turkiyya, wadda Mustafa Kemal (wanda daga baya ya zama shugaban Turkiyya, aka san shi da Atatürk) ke jagoranta, ta ja da baya daga Nablus ta nufi kogin Urdun ta wata siririyar hanya da ke bin gefen kwazazzabon Wadi Fara, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Da safiyar 21 ga wata jiragen Ostireliya suka hango ayarin. Aka fara da jefa bam a kan motocin gaba, hanya ta toshe, sannan jirage suka yi ta zuwa rukuni-rukuni na tsawon sa'o'i, suna zuba bama-bamai kimanin tan 9 da harsasai fiye da 50,000. Dawakai da shanun ja suka firgita suka yi ta afkawa rami da kekunansu. Da sojan ƙasa suka iso, sun tarar da igwogi kusan 90, manyan motoci fiye da 50, da kekunan dabbobi kusan 1,000 a watse a kan hanyar. Rundunar ba ta sake tashi a matsayin runduna ba.

A ranar da aka yi wannan Carline yana Italiya. Bai gani ba. Hanyar da ya ƙirƙiro a tsaunukan Alps ita ta cece shi: tun da ƙasa ce ginshiƙin hoto, ƙasar kuwa tana nan ba ta je ko'ina ba. Ya nazarci kwazazzabon, ya yi zane-zanen gwaji, ya san ƙirar jiragen, ya san yadda jirgi ke sunkuyowa in zai yi harbi don shi ma ya yi. Hoton da ya kammala a 1920 na kallon kwarin ne daga sama, yana lanƙwasa ya nutsa cikin nisa, jirage na bin tsawonsa, hayaƙi na tashi daga hanyar da ke manne da gefen dutse. Ta fuskar sana'a, wannan amsa ce cikakkiya ga duk matsalolin da aka lissafa a baya. Akwai zurfi, akwai ma'auni, akwai motsi, mai kallo ya san inda yake.

Nan ne kuma nake da magana da hoton. Inda mai kallo yake shi ne kujerar mai harbi. Daga can mutanen da ke kan hanyar ba su da fuska. Samari ne da aka kwaso daga ƙauyukan Anatoliya da ƙasashen Larabawa, yawancinsu da yunwa da ciwo, suna gudun ceton rai a hanyar da ba ta da mafita, amma a hoton ɗige-ɗige ne a gefen dutse mai kyan launi. Dabarar da ta mayar da jirgi ƙarami don a ga girman tsauni, ita ta mayar da mutum ƙarami har ya kusa ɓacewa. Ba na cewa Carline ya yi ƙarya. Akasin haka ma: abin da matuƙi ke gani ke nan, kuma shi ya sa kisa daga sama ya fi sauƙi a zuciya a kan kisa da takobi. Hoton shaida ne a kan wannan, ko mai shi ya nufa ko bai nufa ba. Amma wanda duk zai koyi dabarar Carline ya kamata ya san abin da take ɓoyewa, ya kuma yanke wa kansa shawara ko ya yarda da hakan. Mai zanen da ya zaɓi tsayawa a kan hanyar Wadi Fara yana kallon sama zai gamu da wasu matsalolin na dabam, amma zai fito da hoton da ba a ba kowa kwangilarsa ba a 1919.

Cikin jiragen da suka yi ruwan bam a ranar akwai ƙirar DH.9. Ƙanensa, DH.9A, shi ne irin jiragen nan uku na sojan saman Birtaniya da suka taso daga Helwan ta Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925. Mai zanen da zai so ya fito da wannan rana zai ci karo da tambayar da Carline ya ci karo da ita tun kafin ya dama fenti: daga cikin jirgi za a kalli ganuwa da Dala da Gwauron Dutse, ko daga cikin taron da ya ɗaga kai? Hotuna biyu ne mabambanta, kuma ba labari ɗaya suke bayarwa ba.

Richard, a nasa ɓangaren, kusan ya rabu da faɗa gaba ɗaya. Ya zana Ƙudus da Tekun Gishiri daga sama, ya zana Gaza, ya zana Bagadaza, ya zana Dimashƙa da tsaunukan Labanan daga tsayin ƙafa 10,000, gari a tsakiyar korayen lambuna, hamada na kewaye da su. An aike shi zanen yaƙi ya dawo da hotunan birane. Sydney ma a Iraƙi ya karkata can: hotonsa na jirage a kan hamada da faɗuwar rana ba harbi a cikinsa, haske ne da fili.

Abin da aka samu

A tsakiyar 1919 suna Mosul, inda sojan saman Birtaniya ke shirin kai hare-haren bam a kan Kurdawan da suka yi tawaye. Da sun daɗe, da a karon farko a wannan tafiya sun ga abin da aka aiko su zanawa da idonsu. Kafin a kai ga haka aka kira su gida don a sallame su daga soja, suka isa Ingila a watan Nuwamba.

Suka tarar sashen sojan sama na gidan tarihin, wanda ya tura su, ba shi da sauran kuɗin sayen sababbin hotuna. Sashen zane-zane ne ya karɓi kaɗan: huɗu daga Sydney, uku daga Richard. Ga mutanen da suka shafe kusan shekara suna tara aiki, wannan ba ƙaramin sanyin gwiwa ba ne. Sai suka kwashi abin da ke hannunsu suka baje kolinsa da kansu a zauren Goupil da ke Landan a watan Maris na 1920, ayyuka fiye da 300, jama'a kuma suka karɓe su hannu bibbiyu. Hanyar aiki hawa-hawa da aka ƙirƙiro don dole ita ta samar da wannan yawa: kowane babban hoto na da zane-zanen gwaji da yawa a bayansa, kuma kowannensu na iya tsayawa da ƙafarsa.

A 1922 aka naɗa Sydney shugaban makarantar zane ta Ruskin a Jami'ar Oxford. Ciwon huhu ya kashe shi a Fabrairun 1929 yana da shekara 40. Richard ya rayu har 1980. A 2017 gidan baje kolin Estorick da ke Landan ya sake fito da ayyukan Sydney na Italiya tare da hotunan kyamara na fagen.

Ni dai in aka jera mini su, ƙananan zane-zanen na fi so a kan manyan. A manyan, musamman waɗanda aka gama a Landan bayan yaƙi, an gyara komai: kowane jirgi ya zauna a inda ya dace, launi ya daidaita, an share duk wata alamar rawar hannu. Sun cika sharaɗin kwangila. A ƙananan kuwa layi na karkacewa, wani ɓangaren takardar ba a ko taɓa shi ba, jirgi wani lokaci bai wuce layi uku ko huɗu ba, kuma duk da haka an fi jin tsayin a cikinsu. Gidan tarihin na Landan ya ɗora da yawa daga cikinsu a intanet, manya da ƙanana, mai sha'awa na iya ajiye zanen gwajin Wadi Fara kusa da kammalallen ya ga abin da aka ƙara da abin da aka rasa a tsakani.